A Mayar wa Kura Kukanta

Ni dai tun tasowata ban iya jin inji yana kuka in wuce ba. Wani in fanka ta fara ƙara sai ya ƙaro muryar rediyo, ni kuwa sai tafin hannuna ya kama ƙaiƙayi. Shekara arba'in ke nan ina gyaran kayan aikin mutane, injin huda, injin yanka, injin goge katako, duk wani abu mai waya a gindi da fanka a ciki. Mutanen layinmu Likita suke ce mini. Da tsokana aka fara, sunan ya bi ni har na daina jin haushinsa. Shagona ɗan tsurut ne, amma gwangwanayen madara sun fi ɗari a jere a kan kanta, wannan noti, wancan washa, na can boris da guntayen waya. Ba na zubar da komai. Na yarda tsohon ƙarfe ya fi sabo kunya, in ka lallashe shi zai tashi ya yi maka aiki, sabon kuwa ranar da ya ga dama ya kwanta sai bola.

Injin da ya fi kowanne tsone mini ido na mijin yayata ne. Dogo ake ce masa, kafinta ne, shagonsa na ƙarshen layi, shi da Yaya kuma suna zaune a saman shagon, matakalar katako ce kawai tsakaninsu da aikin. Yana da wani tsohon injin zuƙe ƙura, duron ƙarfe mai ƙananan tayoyi huɗu, da dogon tiyo wanda ya sha ɗaurin salatif har ba a gane kalarsa ta asali. Shekarar da suka yi aure ya saye shi, lokacin ma wani ya riga ya ci ƙuruciyarsa. Kura yake ce masa, wai don tana cin ƙura ba ta ƙoshi, kuma in ta buɗe murya har bakin titi ana ji. Kowace yamma in ya rataye zarto sai ya ja Kura ya bi shagon lungu-lungu, ya kashe ta, ya hau sama.

"Dogo, boris ɗinta ya cinye," nakan ce masa. "Ba ni ita kwana ɗaya."

"Lafiyarta ƙalau, Likita. Kunnenka ne ya cika tsini."

"Wannan ihun ne lafiya?"

"Kai ma kullum kana kukan gwiwa, wa ya kwance ka?"

Shekara talatin muna wannan musu, ban ci ba, bai gaji ba. Ya kawo mini injin hudarsa, ya kawo na yankan, har agogon bangonsu na gyara, amma Kura ko sukundireba bai taɓa yarda na ɗora mata ba.

Yaya ta girme ni da shekara tara, ni ne autan gidanmu, a bayanta na yi wayo. Mace ce mai baki, in ta fara yi maka faɗa sai ka nemi kujera, don ba yanzu za a gama ba. Shekara uku da suka wuce mantuwa ta fara shigar ta. Da farko dariya muke yi, ta sa makulli a tukunya, ta nemi tabaraunta yana kan hancinta. Daga baya dariyar ta ƙare. Sunaye suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, na maƙwabta, na jikoki, har aka zo kaina. In na hau gaishe ta sai ta gyara mayafi ta ce, "Sannu da zuwa, Malam. Maigidan yana ƙasa." Ba zan ɓoye ba, abin yana ci mini rai. Nakan amsa da ladabi kamar baƙo, in sauko, in je in zauna a shagona ina juya noti a gwangwani ba tare da na san me nake nema ba.

Dogo ne kaɗai bai ɓace mata ba. Da rana in ya leƙa takan bi shi da kallo mai shakka, amma da yamma in ya tashi aiki ya hau, sai ya tarar ta jera kofi biyu a tebur, ta kira shi, ta tambaye shi aiki. Na ɗauka soyayya ce ta fi ciwon ƙarfi. Na yi masa murna, na kuma ɗan yi kishinsa, don ni ma ai da ita na tashi.

Wata Talata ya kai ta asibiti can nesa da unguwa, ya bar mini makullin shago don masu kawo katako. Suka sauke, suka tafi, suka bar ni ni kaɗai. Shagon kafinta in babu kafintan wani irin wuri ne. Hasken rana ya sauko ta ƙaramar tagar sama, garin katako yana yawo a cikinsa a hankali, ba ya hawa ba ya sauka. Guduma tana kwance a inda hannunsa ya sake ta, ƙotarta ta lotsa daidai gurbin babban yatsansa. Wata kujera mai ƙafa uku tana jiran ta huɗu. Ƙamshin ɗanyen katako da gam ya sa idona ya yi nauyi, har na ji kamar in na yi shiru sosai zan ji kayan aikin suna numfashi. Can a kusurwa Kura tana tsugune, tiyonta a naɗe a wuya, tana kallona.

Shaiɗan ba ya zuwa wa mai gyara da abin duniya, da sukundireba yake zuwa. Na ce bari dai in leƙa kawai.

Na ɗora ta a benci na buɗe. A lungun duron, inda hannu ba ya kaiwa, na tsinci maɓallin riga, da ɗan kunne guda, da ƙwallon gilashi irin wanda 'yarsu take wasa da shi tun kafin ta yi haƙoran gaba, ga shi yanzu tana can wani gari da 'ya'ya huɗu. Na jera su a gefe na shiga cikin injin. Boris, zoben ƙwallayen ƙarfen da fankar ke juyawa a kansa, ya bushe ƙayau, ko ɗigon giris babu. Kabon guda biyu, 'yan gawayin da ke kai wa injin wuta, sun cinye sun koma kamar ƙwayar wake. Robar murfi ta tsage. Sannan fankar ciki, ɗaya daga cikin fukafukanta ya ɗan lanƙwashe, da alama wata ƙusa ce ta taɓa bi ta ciki tun zamanin da ina da gashi a ka. Amma wayar naɗin, ya Allah, jan ƙarfe ne mai kauri, tsaf kamar jiya aka naɗa. Duk wanda ya ƙera wannan inji ya ƙera shi ne don ya binne jikokinsa.

Na ruga shagona na kwaso abin da nake bukata. Na sa sabon boris, na sa kabon, na yanka sabuwar roba. Fiffiken nan na kama shi da filaya na miƙar da shi a hankali, ina duba shi a haske, har ya yi daidai da 'yan'uwansa. Ban san rana ta karkata ba. Da na kunna ta sai ta ja iska da wata murya mai taushi, ta zuƙe garin katakon da ke nesa da bakin tiyo da taku guda. Da na kashe ta sai ta tsaya cak, ba tari ba atishawa. Na yi tsaye ina murmushi ni kaɗai. Tsofaffin kayan na zuba a aljihu bisa sabo don in kai su gwangwani, na mayar da ita kusurwarta, na naɗa mata tiyonta yadda na same shi.

Ban gaya masa ba. So nake ya zo da kansa yana sosa ƙeya, in ce masa ai ba komai, shekara talatin ba ta da yawa.

Laraba bai zo ba. Alhamis da hantsi na hango shi yana tahowa ta tsakiyar layi, yana jan Kura da tiyonta kamar akuyar da za a kai kasuwa. Na gyara zama ina shirya dariyata. Da ya matso na ga fuskarsa sai dariyar ta koma ciki. Bai yi aski ba, idanunsa sun yi ja, kuma mutumin da ake ce wa Dogo ya rage tsawo. Ya zauna a bencina bai gaishe ni ba.

"Me ka yi mata?"

"Gyara ta na yi. Ka dai ji yadda take ja yanzu."

"Na ji," ya ce. "Jiya na hau sama, yayarka ta yi mini ihun ɓarawo. Ta shige ɗaki ta kulle. Sai da maƙwabciyarmu mai ɗinki ta zo ta lallashe ta. A kan bencin shago na kwana. Yau da safe na kai mata shayi, ta ce in ajiye in fita kafin mijinta ya hawo."

Na ce ko maganin da aka canza mata a asibiti ne. Ya girgiza kai.

"Ba fuskata take ganewa ba, Likita. Fuskar nan ta tsufa ta bar ta tuntuni. Tun muna amarya da ango, in Kura ta gama kuka ta san ni ne a kan matakala. Duk wanda ya hawo bayan kukan nan, shi ne mijinta. Jiya ba a yi kuka ba, sai ga wani tsoho ya turo mata ƙofa."

"To me ya hana ka gaya mini tun tuni?"

"In ce maka me? In ce matata ta fi sanin injin shara a kaina?"

Garin neman gira an rasa ido, kuma idon ma ba nawa ba. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba tun ina yaro. Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Mayar mata da kukanta."

Ban taɓa sanin ɓata inji ya fi gyara shi wuya ba. Na zaro tsohon boris daga gwangwani, na cire sabon da ke juyawa kamar a mai, na tura busasshen a gurbinsa, hannuna yana ƙi ina tilasta masa. Muka ja ta zuwa shagonsa bayan la'asar. Ya kunna, ihun ya dawo, har mai sayar da taya na tsallaken titi ya ɗago kai. Ya kashe, ya share hannu a riga, ya hau. Ina ƙasa na ji an bugo ƙofa da ƙarfi, na ji an murza makulli. Ya sauko yana riƙe da bango.

Washegari na mayar da tsagaggiyar roba da cinyayyen kabon. A kunnena ta koma Kura sak. Dogo ma ya ce ita ce, amma Dogo zarto ya cinye masa rabin ji, ba shaidar da za a kafa hujja da ita ba ce. Ya sake hawa, aka sake kulle ƙofa. Kwana uku ke nan yana kwana a kan benci a ƙarƙashin ɗakin matarsa, yana jin takunta a saman kansa.

Ranar Asabar na ce masa ya kunna ni kuma zan hau. Ni dai Malam ne, baƙo mai ladabi, ba a kulle mini ƙofa. Shekara talatin ina jin injin nan daga ƙasa, ban taɓa jin sa daga inda take ji ba.

Tana zaune a kujerarta kusa da taga, hannayenta a cinya. Ta yi mini sannu da zuwa, ta ce maigidan yana ƙasa. Labule yana shiga yana fita da iska, hasken yamma ya kwanta a kan tebur, a kan kofuna biyu da ke kife a faranti. Sai Kura ta fara. A sama ashe ba ihu ba ne. Katakon daɓen ya tace muryar, ta taso ta tafin ƙafata, ta ƙafafun kujera, har cokali yana rawa a hankali a cikin faranti. Ɗakin duka ya ɗauka. Yaya ta lumshe ido tana ɗan gyaɗa kai, fuskarta ta saki, na ga yarinyar da take goya ni zuwa bakin famfo. Na ji kamar ɗakin ya saki ƙasa yana tafiya da mu, ni da ita, ba sauri, ba inda za mu.

Dogo ya kashe. Muryar ta fara sauka, tana sirancewa. Yaya ta buɗe ido, ta ɗaga yatsa ɗaya, ta karkata kunne wajen daɓe. Leɓenta ya buɗe kamar mai shirin ƙirga. Muka jira. Shiru ya zo, ya zauna. Yatsan ya sauka a hankali ya koma cinya.

"Bai gama ba," ta ce.

"Wa, Hajiya?" Bakina ya yi nauyi da kiran yayata haka, amma ita ce hanyar da ta rage.

"Maigidan. Sai ta ƙwanƙwasa sau uku yake hawowa. Ka yi haƙuri, Malam, ka ɗan jira shi."

Na sauko matakala bibbiyu duk da gwiwata. Fiffiken ne. Lanƙwasasshen fiffiken nan da na fi alfahari da miƙewarsa. In injin yana gudu ba ya taɓa komai, sai ya zo tsayawa, fankar ta ɗan yi rangaji a kan tsohon boris, sannan bakinsa ya taɓa jikin ƙarfen. Mu a ƙasa lokacin muna naɗe waya muna surutu. Ita kuwa a sama ƙwanƙwasa ƙofa take ji.

Na kwana da fankar a raina, da safe muka jawo Kura shagona na kwance ta. Na miƙar da fiffiken da kyau har na kasa gane wanne ne, sai da na bi su da farce na ji gurbin haƙoran filayata. Na lanƙwasa shi kaurin gashi, na haɗa, na kunna, na kashe. Shiru. Na ƙara kaɗan, sai ya kama karta tun injin yana gudu, kamar zai yanka kansa. Na rage. Ƙwanƙwasa ɗaya. Na ƙara, biyar. Mutane suna wucewa suna ganin Likita ya rungume duro ya manna masa kunne, ido a rufe, ba wanda na amsa wa gaisuwa. Sai a karo na sha ɗaya, wajen azahar, ta ba ni uku.

Dogo yana zaune yana kallona tun safe. Na ce masa gaskiya.

"A haka ba za ta daɗe ba. Boris ɗin nan cin kansa yake yi, fiffiken kuma yana gugar jiki. Wata shida, in ta yi taurin rai shekara."

"In ta faɗi ka tashe ta."

"In na tashe ta da yawa ta warke, kukan ya tafi."

"To kada ka tashe ta da yawa," ya ce. "Ba kai ne Likita ba?"

Haka na samu aikin da ya fi duk wanda na taɓa yi wuya, in riƙe inji a kan ciwonsa, kada ya warke kada ya mutu. Na karɓa ban yi musu ba.

Da yamma muka mayar da ita. Na ce ya kunna ya kashe kawai mu gani, ya ce a'a, ba ya yi wa matarsa ƙarya. Ya bi shagon lungu-lungu kamar kullum, ƙarƙashin benci, bayan jingin katako, gindin matakala. Ni ina tsaye ina kallonsa. Da ya gama ya tsaya, ya dube ni, ya danna makunni.

Muryar ta sauka, ta sirance, ta kusa ƙarewa. Ƙwas. Ƙwas. Sai ta yi jinkirin da na ji kamar shekara. Ƙwas.

Ba wanda ya motsa a cikinmu. Can a saman kanmu aka ja kujera. Silifas ya bi daɓen daga taga zuwa tebur. Kofi ya taɓa faranti, wani ya biyo shi.

Dogo ya share hannu a riga, ya sake sharewa, ya kama matakala yana hawa ɗaya-ɗaya. Na bi bayansa na tsaya a rabi, inda ba za a gan ni sosai ba. Ya tura ƙofa.

"Dube ka don Allah," na ji muryarta, tsohuwar muryarta mai kaifi. "Gemu duk garin katako. Ina ka shige kwana da kwanaki? Wanke hannu kafin shayin nan ya huce."

Dogo ya jingina da bakin ƙofa, kafaɗunsa suna rawa. Na juya a hankali zan sauka in bar su, katakon matakala ya yi ƙara a ƙarƙashina.

"Wa ke nan laɓe a bayanka?" Ta leƙo ta gefen hannunsa, ta ƙanƙance ido. "Auta?"

Na juyo. "Na'am, Yaya."

"Kai dai ka ji kunya wallahi. Gari duk ana ce maka mai gyara, shekara nawa injin nan yana cika wa mutane kunne, ka kasa gyara wa mijina?"

"Zan duba shi, Yaya."

"Kullum zan duba, zan duba. Shigo ka zauna, bari in ƙaro kofi."